Fuskar Baba da Tsohon Gilashin Mai Hoto

A shekarar da aka yanke Taraba daga Gongola, aka ce Jalingo ce hedikwatar sabuwar jiha, da damina abin ya zo, ruwa na sauka kusan kullum. Ina tuna motocin da suka riƙa shigowa daga Yola ɗauke da katifu da kujerun ofis, an lulluɓe su da tamfol. Gari ya cika da ma'aikatan da ba su da wurin kwana, duk mai ɗakin da ba kowa a ciki ya wayi gari mai gidan haya. Mu dai a gidanmu na Mayo Gwoi babu abin da ya canja, in ban da tsadar kayan miya da Dada, mahaifiyata, take ta mita a kai.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, asalinsa Bazazzage ne. Fatauci ya kawo kakansa ƙasar Muri, aka zauna. Dada Bafulatana ce, shi ya sa mutanen unguwa Modibbo suke ce masa, wato malam da Fulatanci. Aikinsa kwafar littattafai da hannu, da yi musu bayani cikin ajami domin waɗanda Larabcinsu bai yi nisa ba. A zaurensa na koyi fiƙe alƙalami da dafa tawada, baƙa domin baƙi, ja domin wasali. Har na yi aure na haihu ina zaune a gefen buzunsa, ina yi masa layi a takarda.

Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba ya cewa haramun ne, ba ya kuma hana kowa. In an matsa masa sai ya ce fuskar da ƙasa ke jira, ina amfanin ajiye ta a bango. Allah bai nufe shi da zuwa Hajji ba, saboda haka ko ɗan ƙaramin hoton fasfo ba shi da shi.

Yayata, wadda muke kira Adda, aure ya kai ta Ngaundare a ƙasar Kamaru. A wannan damina ta aiko da saƙon baki ta hannun wani mai fataucin shanu: 'ya'yanta sun fara wayo ba su san kamannin kakansu ba, don Allah a aiko mata da hoton Baba. Dada ta sa shi a gaba, da safe magana, da yamma magana. Daga ƙarshe ya ce to, amma sau ɗaya, kuma a zaurensa, ba zai je ya tsaya a gaban labulen kowa ba.

Ni aka aika in kira mai hoto. Akwai wani aminina da ke da shago a bakin Kasuwar Jalingo, tsakanin teloli da mai gyaran agogo. Bakano ne, ya girme ni da kaɗan, kuma tunda ni jinin Zazzau ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba tare da an tsokani juna ba. Kowa Mai Hoto yake ce masa. Sabuwar jiha ta yi masa rana, domin kowane ma'aikaci sai an manna hotonsa a fayil. Layi har bakin titi. Da abin ya kankama sai ya tafi Kano ya dawo da sabuwar kyamara.

Tsohuwar kyamarar da na san shi da ita tana da gilashi a gaba, wanda su masu sana'ar ke kira lensi, ƙarfe ne mai nauyi da zobe a jikinsa. Sai ya kafa ido ya yi ta murɗa zoben nan a hankali har fuskar mutum ta fito tar, sannan ya danna. Yakan daɗe. Sau da yawa murmushin mutum kan bushe a bakinsa kafin a gama. Sabuwar kuwa da nata gilashin ta zo, mara nauyi. Da ka taɓa maɓalli sai ka ji ta yi ɗan ƙugi, ta saita kanta da kanta.

Ranar da na je kiransa sai da ya tsare ni ya nuna min ita ciki da waje. Ya cire sabon gilashin, ya ɗauko tsohon ya ɗaura a bakinta, ya murɗa, ya zauna daram.

Ya ce, "Ka gani, Bazazzage? Maƙeran nan suna da amana. Sun yi sabon gida, amma ba su canja ƙofa ba. Tsohon ma yana shiga."

Na ce, "To shi ma zai saita kansa?"

"A'a, shi sai da hannu, yadda ya saba. Ita dai ta karɓe shi."

"Me za ka yi da shi ke nan?"

"Jaka zan sa shi ya huta. Ya yi aikinsa." Ya cire shi ya naɗe a tsumma. "Ku Zage-zagi ba ku san ci gaba ba. Kai har yanzu da kara kake rubutu."

Na ce masa karan nan bai taɓa cin batir ba. Muka yi dariya, muka kama hanya.

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗu, zauren ya yi duhu-duhu. Baba ya sa farar riga da farar hula, ya zauna a buzunsa. Mai Hoto ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi a fito waje inda haske ya fi. Baba ya ce ai an yi magana. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko takardar da yake aiki a kanta ran nan, tawadarta ba ta daɗe da bushewa ba, ya riƙe ta a gaban ƙirjinsa, hannu a miƙe, kamar mai nuna wa ɗalibi na nesa.

Ya ce, "In jikokina za su gan ni, su gan ni da aikina."

Mai Hoto ya ɗaga kyamara. Na ji ƙugin nan, na ji ƙaras. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

Baba ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Allah ya gafarta Malam. Ko a ƙara ɗaya saboda tsaro?"

"Sau ɗaya muka yi da kai."

A lokacin hoto mai kala sai an aika fim Yola a wanko, direba ya kai direba ya dawo da shi. Kwanaki suka wuce ban ga Mai Hoto ba, sai na bi shi shago. Ya miƙo min ambulan bai ce min Bazazzage ba. Na buɗe.

Takardar ta fito. Kowane harafi ya fito, jan wasali ya fito, har wurin da bakin alƙalami ya tsage ya bar layi biyu a wutsiyar wani harafi ana gani. Yatsun Baba da ke riƙe da ita sun fito, da baƙin tawada a gefen farcensa. Amma daga wuya zuwa hula, kamar an shafa hannu a kan rubutu kafin ya bushe. Ga fari a sama, ga fari a ƙasa inda gemu yake, tsakaninsu duhu ne mara ido mara baki.

Mai Hoto ya yi min bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai ɗan akwati a tsakiyar wurin leƙawa, duk abin da ya faɗa cikinsa shi na'urar ke kamawa, kuma babu abin da take so kamar inda baƙi ya haɗu da fari. Ta ga rubutu a tsakiya, ta kama. Fuskar tana can baya da tsawon hannu, ga duhu, ta bar ta.

Ya ce, "Ni kuma na ji ta yi ƙugi na yarda da ita. Ban duba ba. Tsohon gilashin yana rataye a kafaɗata, cikin jaka. Da shi na ɗaura, da idona zan nemi idon Malam."

Tare muka kai wa Baba. Ya riƙe hoton ya matso da shi kusa da ƙofa, ya karanta rubutunsa daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya yi dariya, irin wadda ba kasafai yake yi ba, har kafaɗunsa na rawa.

Ya ce, "Bakano, wannan na'ura ta fi mai ita hankali. Ta san abin da ya cancanci a gani."

Mai Hoto ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi min afuwa in sake. Yanzu ma, ga jakata."

Baba ya ƙi. Dada ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce yarinya fuskar ubanta ta roƙa, ba karatu ba. Sai Baba ya ce, "Bari in gama littafin nan. In na gama, ka dawo."

Bai gama ba. Zazzaɓi ya kama shi bayan an yi girbi, ya kwanta, bai tashi ba. Ni na ƙarasa babin da ya rage, da hannuna da bai kai nasa ba.

Mai Hoto ya rufe shagonsa ya zauna tare da mu duk kwanakin zaman makoki. Ranar da za a watse ya ja ni gefe, bakin rijiyar ƙofar gida.

Ya ce, "Ɗan Malam, kana bina fuska."

Na ce masa ya bar wannan magana, abin da Allah ya rubuta ne.

"Na sani. Duk da haka kana bina."

Hoton dai haka muka aika wa Adda, muka ajiye ɗaya. Ban ɗauki maganar bashin da nauyi ba a lokacin. Me zan yi da hoto? Fuskar mahaifina tana cikin kaina, in na rufe ido ga ta nan.

Ban san ranar da fuskar ta fara tafiya ba. Abin da na sani, wata rana 'yata ta fari, tana 'yan mata lokacin, ta tambaye ni yaya kakanta yake. Na buɗe baki na fara ba ta labarin hannunsa, dogayen yatsu, da yadda yake karkaɗe alƙalami a bakin kurtun tawada. Na faɗi muryarsa, na faɗi tarinsa na asuba. Ta ce, "Baba, fuskarsa nake nufi." Na rufe ido. Ga farar hula, ga farin gemu. Tsakaninsu babu kowa.

Ina jin yawan kallon hoton ne ya jawo. Duk sanda kewa ta taso min sai in ɗauko shi, a hankali abin da ke takarda ya hau kan abin da ke zuciya ya danne. Ko a mafarki in ya zo min, da takardar nan yake zuwa a gabansa, ina leƙe ta gefe ba na ganinsa. Na yi niyyar in zauna da Dada ta siffanta min shi, kunya ta hana ni. Yaya ɗa zai ce wa uwarsa ya manta fuskar ubansa? Ina cikin jan ƙafa ita ma Allah ya karɓi abarsa.

Na roƙi Allah a kan wannan abu fiye da yadda zan iya faɗa wa mutane. Na san ba farilla ba ce, na san in Ya yi mana rahama za a haɗu. Amma zuciya ba ta daina nema ba. Da wayoyin zamani suka zo, ɗana da ke aikin ofis ya ɗauki hoton ya sa a wata manhaja da aka ce tana gyara dishi-dishi. Ya kawo min da murna. Wani mutum ne mai santsin fata da jerarrun haƙora, sanye da hular mahaifina. Na ce ya goge shi, kada in ƙara gani. Na ji tsoron shi ma ya shiga kaina ya zauna.

Shi kuwa Mai Hoto, tun daga wancan hoton ya ciro tsohon gilashi daga tsumma ya ɗaura wa sabuwar kyamara, bai ƙara cirewa ba. Abokan sana'arsa suna yi masa dariya, wai ya sayi mota yana tura ta da hannu. A bikin aure su sun ɗauki goma shi yana kan murɗa ɗaya. Da zamanin fim ya wuce aka koma masu katin ajiyar hoto, sai da ya bincika ya samo wadda bakinta bai canja ba, ya ɗaura mata tsohon nan nasa da fentinsa duk ya goge. Daga baya kowa ya zama mai hoton kansa da waya. Layin da ke kai wa bakin titi ya koma mutum ɗaya, biyu, wata rana babu. Ya ba mai cajin waya rabin shagon, daga baya ya bar masa duka. Sannan yanar ido ta kama shi, ta rufe masa gani. An yi masa aiki a ɗaya bai yi kyau ba, ya ƙi yarda a taɓa ɗayan. Ya koma gidansa a Kachalla Sembe, yana wuni a kan benci a ƙofar gida.

Nakan je gaishe shi ranar Juma'a. Da ya ji sallamata sai ya ce, "Bazazzage, ka zo karɓar bashinka?"

Wata Juma'a na ce, "Bakano da biyan bashi? Ai sai dai a lahira."

Na zaci zai rama. Sai ya juya fararen idanunsa wajen titi. Ya ce, "Shi nake tsoro."

Na ce masa na yafe, duniya da lahira, tun ba yau ba. Ya ce ya ji, ya gode, amma yafewa daban, biya daban. Daga ranar ban ƙara yi masa wannan wasa ba.

Bara mijin Adda ya rasu. Da ta fita takaba ta ce gida za ta dawo ta ƙarasa kwanakinta. Rabona da ita tun rasuwar Dada, lokacin gemuna baƙi ne. Na je tasha tarenta da farar riga, don daga masallaci na wuce. Ta sauko daga mota da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta ɗago kai ta gan ni. Sai ta kama ƙofar motar ta riƙe, tana salati.

Na ce, "Adda, ni ne."

Ta ce, "Na san kai ne. Amma wallahi Baaba na gani ya zo tarona." Ta fashe da kuka a tsakiyar tasha, 'yan kamasho na kallonmu.

Da na koma gida na ɗauki madubin iyalina na duba. Ni dai na gani, tsoho mai jan ido da na saba gani in zan gyara gemu. Na ajiye.

Juma'ar da ta biyo na ba Mai Hoto labarin, don in sa shi dariya. Bai yi ba. Ya gyara zama a kan benci.

Ya ce, "Muryarka kam ta daɗe da zama ta Malam, ban dai faɗa maka ba. Takardar da Malam ya riƙe tana nan?"

"Tana cikin gafaka."

"Zauren fa?"

"Yana nan. An dai yi masa siminti."

"Gobe bayan la'asar ka zo da keken haya ka ɗauke ni."

Na gane inda ya dosa, raina bai so ba. Duk da haka na je na ɗauko shi, da jakarsa da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Adda ta fito zaure ta zauna a kan tabarma, suka gaisa. Ya kafa ƙafafun da laluben hannu, ya ɗora kyamara, ya ce in shimfiɗa buzu inda na Baba yake.

Na ce, "Ka tsaya. Ni ba Baba ba ne. Allah bai halicci fuska biyu iri ɗaya ba. In ka ɗauka, hotona ka ɗauka."

Ya ce, "Ɗauko takardar. Ni ban iya karatunku ba, shekarun nan duk ban taɓa tambaya ba. Me Malam ya rubuta a ciki?"

Na ce babin taimama ne, bayanin yadda wanda ya rasa ruwa zai yi.

"Wanda ya rasa ruwa sai ya zauna babu salla?"

"A'a. Ya bugi ƙasa mai tsarki."

"To zauna, Bazazzage, kana ɓata min haske."

Na zauna. Adda ta dube shi yana shafa kyamara da yatsu yana neman maɓalli, ta ce da Hausarta da ta sha Fulatancin Kamaru, "Kai, bawan Allah, tunda ido babu, ka bar na'ura ya yi da kansa mana. An ce na yanzu har fuska yana ganewa."

Ya ce, "Adda, sau ɗaya na bar ta ta zaɓa." Sannan ya yi mata bayani. Ya ce in an ɗaura tsohon gilashi, kyamarar ba ta iya murɗa shi, amma ba ta yin shiru. Akwai ɗan koren ɗigo a ƙasan wurin leƙawa, da abin da ka nufa ya fito daidai sai ya kama. "Fuska ba na gani, amma koren nan ina ganinsa, kamar wutar kyandir a hazo. Ni zan nuna mata inda za ta duba, ita za ta gaya min in na kai. Ni ba ido, ita ba hankali, sai mu haɗa."

Na riƙe takardar a gaban ƙirjina na miƙa hannu. Ya kafa idonsa mai ɗan dama. Ya ce yana ganin fari uku, hula da gemu da takarda. Ya fara nufar takardar, ya murɗa zobe kaɗan. "Ga shi ya kama. Nan ne ta tsaya wancan karon." Ya ɗan ɗaga bakin kyamarar. "Abin da ke tsakanin hula da gemu, shi nake bi."

Sai kuma ya ɗago kai daga kyamarar. "Ba haka Malam ya zauna ba. Kai kana kallona kamar ɗan fasfo. Shi bai ɗauke ni a bakin komai ba. Sunkuyar da kai kaɗan. Karkata hagu. Ka dube ni ta saman takardar, ka ɗaga gira ɗaya, kamar yaro ya ja maka baƙi ba daidai ba kana jira ya gyara da kansa."

Na ce, "Kana tuna wannan duka?"

"Ni na leƙa ran nan. Tun da idona ya rufe babu abin da nake gani tar sai abin da na riga na gani. Ka yi shiru, bakinka na motsi."

Adda ce ta zama idonsa a nan. Ta ce a ƙara sunkuyawa, ta ce ya yi yawa, ta ce girar dama ce ba ta hagu ba, suka yi gardama, ta ci. Daga nan ya koma ya kafa ido. Ina jin numfashinsa, ina ganin babban yatsansa na tafiya da zoben nan kaɗan-kaɗan, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Kafaɗata ta ɗauki zafi. Wani mai tallan rake ya wuce ta ƙofar gida. Na tuna yadda a da muke yi masa tsiya saboda wannan jinkiri, na ji hawaye na neman zuwa, na danne don kada in ɓata masa aiki.

Ƙaras.

Na ce, "A ƙara ɗaya saboda tsaro?"

Ya ce, "Sau ɗaya." Ya kife tafin hannunsa a kan allon bayan kyamarar, ya ce ba mai leƙawa, hoto a takarda ake ganinsa.

Washegari muka biya wani shago kusa da kasuwa aka fitar mana, aka sa a ambulan. Bai bari na buɗe ba sai da muka dawo zaure, gaban Adda. Ita ta fara karɓa. Ta sa tabarau, ta matsa bakin ƙofa.

Ta ce, "Kunnen nan na Dada ne, ba nasa ba. Kuma Baaba ya fi ka cikar kumatu." Ta kai gefen mayafinta ta rufe baki. Ta daɗe a haka kafin ta miƙo min.

Na duba. Da farko ni ne. Amma ban taɓa ganin kaina ina irin wannan kallo ba, domin ba wanda ke yi wa madubi shi. Ga ido ta saman takarda, ga gira a ɗage, ga bakin da ya kusa magana ya fasa. Ina cikin kallo sai na ji wani abu bai cika ba a fuskar, kamar harafin da aka manta ɗigonsa. Na sa yatsa a ƙasan idon da ke cikin hoton.

Na ce, "Akwai tabo a nan. Baba yana da ɗan tabo a nan, kamar ƙwayar shinkafa."

Adda ta ce, "Ƙahon saniyar Dada ne ya ji masa, tun kafin a haife ka."

Mai Hoto ya ce, "In ya yi dariya yakan shige cikin tamoji ya ɓace."

Haka ne. Na gan shi. Ba a takardar da ke hannuna ba. Na gan shi zaune a wurin nan da hantsi, ya ɗago daga rubutu yana dubana, da tabon, da jijiyar da ke gefen goshinsa, da haƙorinsa na ƙasa da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Na rufe ido, bai tafi ba. Na buɗe na sake rufewa, yana nan. Na yi hamdala.

Mai Hoto yana zaune a bakin tabarma, kyamara a cinyarsa, fuskarsa na fuskantar inda ba kowa. Hoton da ya yi shekaru yana jira, shi kaɗai ne a cikinmu ba zai gan shi ba.

Ya ce, "Rubutun fa?"

Na ce, "Bai fito ba. Ko harafi ɗaya ba ya karantuwa."

"Idon?"

"Har gashin gira ana gani."

Ya sauke numfashi. Ya lalubo tsumma ya fara goge tsohon gilashin. "Ɗan Malam, ba yafewa nake tambaya ba. Na biya?"

Na ce, "Ka biya, Hamma."

Ban taɓa kiransa da wannan ba, sunan da ake kiran babban wa da Fulatancin Dada. Hannunsa ya tsaya a kan gilashin.

Ya ce, "Adda, kin ji?"

Ta ce, "Na ji, na shaida."

Ya naɗe kyamarar ya mayar jaka, ya ja zif. Ya ce in ba shi buta, kuma in riƙe masa hannu zuwa masallaci, magariba ta kusa.